Fashin Baƙi: Me Ke Raya Gidan Abinci a Bakin Tekun Legas, Me Ke Kashe Shi?

Da zarar Disamba ta kama, hotunan bakin tekun Legas kan cika wayoyin jama'a: kujeru a jere kan yashi, hayaƙin gashi na tashi, mutane maƙil ba masaka tsinke. Saurayin da ke zaune a Gusau ko Azare ya gani, sai ya ce ai a can kwasar kuɗi kawai ake yi. Ba a jima ba kuma sai wani labarin ya biyo baya: an kai katafila an baje wuri kaza, ko mai wuri kaza ya rufe da kansa, ya sa firiza da janareta a kasuwa. Shi ya sa tambayar ba ta ƙarewa a majalisun 'yan Arewa, daga Agege har Ajah. Me ya sa mai tsire zai shekara ashirin a lungu ɗaya, ya yi aure, ya gina gida a garinsu, ya sauke farali, alhali wani ya zuba miliyoyi a wuri mai kallon teku bai ga shekara ta biyu ba?

Amsar da aka fi ji ita ce rabo. Rabo gaskiya ne, ba mai musu. Amma akwai sabubba, kuma a fili suke. Da yawa daga masu sha'awar harkar kallon kitse suke yi wa rogo, suna zaton teku ce jarin. Teku tana kawo baƙo sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Haya da albashi da kuɗin gawayi kuwa kullum ake biyansu, kuma ba baƙo ke biya ba.

Wane ruwa ake nufi, wane irin wuri?

Ruwan Legas iri biyu ne, kuma kasuwarsu ba ɗaya ba ce. Akwai babbar teku ta Atilantika, wadda gaɓarta a jihar ta kai kusan kilomita 180, tun daga yankin Badagry a yamma, ta biyo Tarkwa Bay da Victoria Island da Lekki, ta miƙa gabas ta Eleko da Akodo. Akwai kuma ruwan ciki mai kwanciya, wato lagun, wanda Makoko da Ikorodu da Epe ke bakinsa. Bakin teku wurin shan iska ne, mutum kan je da niyyar kashe kuɗi ranar hutu. Bakin lagun wurin neman abinci ne: masunta, matuƙa kwalekwale, mata masu ƙyafe kifi, da dillalan da ke sammako zuwa kasuwar kifi ta Oluwo a Epe. Mai sayar da abinci a wurin farko yana jiran Asabar da Lahadi. Na biyun yana ciniki tun daga Litinin.

Wuraren ma hawa-hawa ne. A sama akwai manyan gidajen shaƙatawa irin na Elegushi, inda sai ka biya kuɗin shiga kafin ƙafarka ta taɓa yashi, ga kiɗa ga abin sha mai tsada. Ƙasa da su akwai mashayar unguwa: kujerun roba, talabijin ɗin kallon ƙwallo, da baho cike da tarwaɗa mai rai, ka nuna wadda kake so a yi maka farfesu ko a gasa. Sai buka, wadda galibi matan Yarbawa ke riƙe da ita, da amala da miyar ewedu da shinkafar ofada. Sannan namu: tukubar mai tsire, teburin mai shayi, rumfar mai tuwo da masa, da masu tura baron dabino da aya. Ko masu ba da hayar doki a bakin ruwa, da yawansu 'yan Arewa ne. Bahaushe a nan ba kasafai yake mallakar babban wuri ba, amma da wuya ka sami babban wurin da babu shi a ƙofarsa ko a bayansa.

Cinikin Disamba da cinikin ranar Talata

A nan ne lissafin mutane ya fi ɓacewa. Watan Disamba a Legas na daban ne. 'Yan Najeriya mazauna Ingila da Amurka da Kanada suna dawowa da kuɗin waje, ana bukukuwa dare da rana, har sai ka yi layi kafin ka sami kujera. Ana samun irin wannan cika a bikin Ista da kwanakin Sallah. Wanda ya zo ya ga wurin a irin wannan lokaci, ya kama haya a kan abin da idonsa ya gani, ya ɗauki kaya mafi ƙarfinsa.

Domin daga Afrilu ruwa ke saukowa, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Teku kan yi fushi a wannan tsakanin. Titunan cikin Lekki da Ajah su cika da ruwa har gwiwa, hanyar Lekki zuwa Epe ta cushe, wanda ke Surulere ko Ikeja ba zai ƙona man sa'o'i uku don ya ci kifi a cikin yayyafi ba. Kusan rabin shekara ke nan kujeru a kife kan tebura, amma mai gida ya riga ya karɓi hayar shekara guda cif, ya haɗa da la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya.

Wuraren da ke tsallake damina su ne waɗanda suke da mutanen da ba don teku suka zo ba. Mai gadin rukunin gidaje da ya kwana a tsaye. Direban Oga da ke jiran a fito daga taro. Lebura da birkila a gine-ginen da ba sa ƙarewa a yankin. Ma'aikaciyar banki da ta taso ƙarfe takwas ba ta da ƙarfin ɗora tukunya. Waɗannan ba sa kashe da yawa a zama ɗaya, amma gobe ma za su dawo. Mai shayin da ke da littafin bashi, wanda masu gadi goma sha ke ci a teburinsa su biya ƙarshen wata, ya fi sanin abin da zai samu a watan Yuli fiye da mai rumfar ado a bakin yashi.

An ga nauyin irin waɗannan kwastomomi lokacin da gwamnatin jihar ta hana acaba. A watan Yunin 2022 dokar ta fara aiki gadan-gadan a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa, wadda Victoria Island da Ikoyi da babban ɓangaren Lekki ke ƙarƙashinta. Maganar da aka yi ta yi a lokacin ta 'yan acaba ce da fasinjojinsu. Ba a cika ambaton mai tuwo da mai shayin da suka wayi gari bencinsu fayau ba, saboda masu cin kwano biyu a rana sun koma Arewa ko sun ƙaura bayan gari. Ba abincinsu ne ya lalace ba. Mutanen da aka kafa sana'ar dominsu ne suka watse.

Wani abu da ya ɗan sauya lissafin shi ne kai abinci gida ta manhajar waya. Jumia Food da Bolt Food sun janye daga Najeriya a ƙarshen 2023, amma Chowdeck da Glovo na nan suna aiki. Wurin da aka san shi da abinci mai kyau yana iya ciniki ana tsuga ruwa ba tare da kowa ya zauna ba. Wurin da iska da kallo kawai yake sayarwa ba shi da abin da zai sa a jakar mai babur.

Ƙasar da aka kafa rumfa a kanta, ta wa ce?

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi kashe wuraren abinci na bakin tekun Legas, wannan zan zaɓa, kuma tarihin shekarun nan ya ishe mu shaida.

Bar Beach ita ce bakin tekun talakan Legas shekaru da dama, ba kuɗin kirki ake biya ba, kowa da tabarmarsa. Teku ta yi ta cinye ta har ruwa na hawowa titin Ahmadu Bello Way. Tun wajen 2008 aka fara cike wurin da yashi don gina sabon birnin Eko Atlantic da katangar dutse mai kare shi. An tsare Victoria Island daga ambaliyar teku, wannan gaskiya ne, amma duk mai gasa kifi da mai tsire da mai doki da ke cin abinci a Bar Beach ya tashi. A watan Agustan 2012 igiyar ruwa ta afka wa Kuramo da ke maƙwabtaka, ta tafi da mutane fiye da goma, gwamnati ta biyo baya ta rushe rumfunan wurin. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay, bisa hujjar ana fasa bututun mai a yankin, dubban mutane suka fito da abin da hannunsu ya iya ɗauka. Sai kuma a ƙarshen Afrilun 2024, lokacin da aka rushe bakin ruwan Landmark da ke Oniru don aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700.

A kan wannan na ƙarshe an yi ta ja-in-ja. Gwamnatin tarayya, ta bakin ministan ayyuka David Umahi, ta ce hanyar amfanin ƙasa ce baki ɗaya, gaɓar teku kuma tana ƙarƙashin ikonta, ta kuma biya wasu masu kadarori diyya. Kamfanin Landmark, mai wurin, ya ce dubban mutane ne ke samun abinci a wurin, kuma da an so da an karkatar da hanyar. Kowane ɓangare da hujjarsa. Abin da ya dame ni shi ne mutumin da ba ya cikin kowane ɓangare. Diyya mai takarda take bi. Mai tsiren da ya karɓi kusurwa daga hannun ɗan haya, shi ma ɗan hayar daga hannun wani ya karɓa, ba shi da suna a kowace takarda. Ranar da katafila ta zo, shi ne na farkon tashi, shi ne kuma ba a lissafa da shi.

Ko ba gwamnati, akwai teku da kanta. Mazauna Alpha Beach da Okun-Ajah sun ga gidaje da rumfuna sun tafi cikin ruwa saboda zaizayar gaɓa. Akwai kuma masu ƙasa. Yawancin wuraren shan iskan Lekki suna hannun gidajen sarauta ne ko iyalai, a ƙauyukan gaba kuma sai ka bi ta hannun Baale, wato dagacin Yarbawa, da 'ya'yan masu ƙasa, waɗanda ake kira omo-onile. Yau ka biya wannan, gobe wani ya zo ya ce wancan ba shi da hurumin karɓa.

A nan Bahaushe na da wani ƙarfi da ba ya lura da shi. Jarinsa mara nauyi ne: raga, wuƙa, tebur, fitila. Idan aka tashe shi da safe, kafin magariba ya kunna wuta a wani layin, kwastomominsa su bi shi ta waya. Wanda ya zuba siminti da katako da tayil a kan ƙasar da ba tasa ba, nasa ya tafi ke nan. Sai dai wannan ƙarfin shi ne kuma rauninsa, domin wanda kullum a shirye yake ya tashi ba ya girma. Wuraren tsiren da sunansu ya kafu a Legas, irin su Glover Court a Ikoyi da University of Suya a kan titin Allen a Ikeja, da layin masu tsire na Obalende, abin da suka haɗa shi ne daɗewa a wuri guda har mutane suka riƙa kwatance da su. Ka lura kuma, ba ɗayansu da ke kan yashi.

Kifin da ake ci a bakin teku, daga ina yake?

Mutum zai zauna yana kallon igiyar ruwa yana cin gasasshen kifi, ya ɗauka yanzu aka fito da shi. Wani lokaci haka ne, musamman a Epe da Badagry da ƙauyukan masunta na Ibeju-Lekki, inda ake samun ɗanyen kifi da jatan lande da ƙaguwa daga hannun mai kwalekwale. Amma a cikin gari, tarwaɗa da karfasa yawanci na kiwo ne, titus da kote da shawa kuwa kifin ƙanƙara ne da jirgi ya kawo daga ƙasashen waje, aka sauke a tashar Apapa, aka rarraba ta rumbunan sanyi irin na Ijora. Abin da Najeriya ke kamawa da wanda take kiwatawa bai kai rabin buƙatarta ba. Saboda haka farashin kifi dala yake bi. Da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma a tsakiyar 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kwalin kifi ya bi ta, abincin kifin kiwo ma ya bi ta.

Nama da kayan miya kuma hanyar Arewa suke bi. Shanu daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari da Mubi da Illela, su kwana biyu ko uku a tirela kafin su iso mayankar Oko-Oba a Agege. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a Mile 12 ake sauke su. Lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu a farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, cikin 'yan kwanaki kowace tukunya a Legas ta ji a jikinta. Wannan zumuncin hanya shi ne babban jarin ɗan Arewa. Wanda ke da ɗan'uwa a mayanka ko a Mile 12 yana samun kaya mai kyau, da sassafe, wani lokaci bashi, a biya bayan an sayar. Babban gidan abinci da ke sayen hannu na uku ba ya samun wannan.

Sai abubuwan da baƙo ba ya gani. Iskar teku gishiri ce, tana cin ƙarfe: firiza, janareta, kwanon rufi, ƙofa, duk tsatsa na gama da su da wuri. Ruwan rijiyar burtsatse a sassa da yawa na Lekki ba ya shayuwa, ko dai gishiri ko ja, sai an saya daga tanka ko 'yan garuwa. Wuta kuwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane ma'auni, kafin a ɗan rage. Wurin da ya dogara da abin sha mai sanyi da firiza cike da kifi ba shi da damar kashe inji. Mai tsire da ke sayen naman da zai ƙare a daren nan, gawayi kawai ya dame shi.

Tukuba a ƙofar mashaya

Wannan magana ce da ake yi ƙasa-ƙasa, gara a fito da ita. Da yawa daga masu tsiren yankin Lekki da Victoria Island a ƙofar mashaya ko gidan rawa suke kafa tukuba, domin nan ne mutane ke da kuɗi a hannu tsakar dare.

Sai an fahimci yadda mashaya ke samun riba kafin a gane alaƙar. Ribarta a kwalba take, ba a faranti ba. Kamfanonin giya kan ba mai wuri firji da kujeru da lema masu ɗauke da tambarinsu, wannan ya rage masa jari. Aikinsa shi ne ya zaunar da mutum ya daɗe, da ƙwallon Turai a talabijin, da kiɗa, da abinci mai yaji da ke sa ƙishirwa. Farfesu da tsire wannan aikin suke yi. Ke nan mai mashaya na buƙatar mai tsire kamar yadda mai tsire ke buƙatarsa, duk da cewa a wajen ciniki ana nuna wa Bahaushe kamar alfarma aka yi masa.

Ra'ayi ya rabu a tsakanin mutanenmu. Wasu na cewa nama halal na yanka, halal na sayar, a waje nake ba a ciki ba, abin da mutum zai kora da shi tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wasu kuma, da malamai da yawa a cikinsu, na kawo ayar Suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan saɓo, da hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake shan giya, suna cewa wanda sana'arsa ke ƙara wa mashaya armashi ba zai ce ba ruwansa ba. Akwai kuma damuwar iyaye a kan yaro ɗan shekara sha bakwai da aka ɗauko daga ƙauye, aka tsayar da shi a irin wannan ƙofa har asuba, yana ganin abin da yake gani. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa.

Ta fuskar kasuwa dai, ni a ganina dogaro da ƙofar wani rauni ne. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta sha garƙame mashayu da gidajen rawa saboda ƙarar kiɗa, kuma ranar da aka sa kwaɗo a ƙofar, naman da aka riga aka tsire ya zama asara. Sau da yawa kuma, idan mai wuri ya ga layin da ke gaban tukuba, sai ya ƙara kuɗin wuri, ko ya ɗauke yaron mai tsiren aiki ya kafa tasa a ciki.

Akwai kasuwar da aka bari a buɗe. Legas cike take da Musulmi, Yarbawa da Hausawa da sauransu, ga Kiristocin da ba sa shan giya, waɗanda ke son su kai iyali bakin ruwa su ci abinci ba tare da kwalabe da kiɗa mai kashe kunne ba, su sami wurin alwala da na sallah. Wuraren da ke ba da wannan ba su da yawa. Wahalarsa ita ce babu ribar kwalba, dole abincin da zoɓo da kunun aya da fura su riƙe wurin. Wannan kuwa sai da hannu mai kyau da tsafta.

Hannu da amana

Tsaya gefe ka kalli mai tsiren da ya daɗe a sana'a. La'asar sakaliya yaro ya hura gawayi. Naman da aka ɗauko da safe an feɗe shi falle-falle, an soke a tsinke, an birkiɗa a garin ƙuli-ƙuli, an jera. Yajin kuwa maigida ne kaɗai ke haɗa shi, da citta da masoro da kanumfari da barkono, gwargwadon da ba ya faɗa wa kowa. Mota ta tsaya, tun kafin a sauke gilashi za ka ji ya ce, "Kai yaro, juya wancan na gefe, na Madam ne, ba ta son kitse." Ya yanko ɗan ɗanɗano ya miƙa a bakin wuƙa. Ya yayyanka, ya zuba albasa da kabeji, ya ƙulla yaji daban, sannan ya ɗora tsoka biyu a kai ya ce gyara ce. Matar nan ta wuce tukuba huɗu kafin ta iso nan.

Abin da ta biya kuɗinsa shi ne tabbacin cewa na yau daidai yake da na makon jiya. A nan wurare da yawa ke faɗuwa, manya da ƙanana. Babban gida ya buɗe da gwanin kuku, bayan wata shida wani ya saye shi da albashi mafi tsoka, ɗanɗano ya canja. Mai tsire ya tafi gida noma ko Babbar Sallah ya yi wata biyu, yaran da ya bari suka fara ɗumama kwanan nama suna haɗawa da sabo. Kwastoman Legas ba ya faɗa, ba ya ƙorafi. Kawai ba za ka sake ganin motarsa ba. Da tsada ta zo, masu wayo sun gwammace su faɗi gaskiya su ƙara kuɗi, ko su rage yawa a bar inganci, maimakon su sauya nama.

Tsafta ma ta wuce maganar ado. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, ta fi tsanani a Lagos Island da Eti-Osa da Kosofe, kuma jami'an lafiya na jihar sun danganta wani ɓangare na cutar a Eti-Osa da wani kunun aya da ba shi da rajista. Ba a tsaya tantance na wane ne ba, duk mai kunun aya a gari ya ga ciniki ya ja baya. Laifin mutum ɗaya kan shafi duk mai irin sana'arsa, balle idan baƙo ne a gari. Ruwan da ake wanke wuƙa da kofi, rufe nama daga ƙuda da ƙura, hannun da ke karɓar kuɗi ya koma kan albasa, duk mai saye yana gani ko da bai yi magana ba. Karɓar taransifa ya rage wannan na ƙarshe. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tukubar da ba ta da lambar asusu ko na'urar POS tana korar masu saye da yawa, sai dai a riƙa tabbatar da shigar kuɗi kafin a miƙa ƙunshi, don masu alat na bogi.

Hannun hukuma

Gidan abinci mai rajista yana karɓar harajin kashi 5 cikin ɗari na jiha, bisa dokar otal da gidajen abinci ta 2009, ban da harajin VAT da ya koma kashi 7.5 a 2020. Ƙaramar hukuma na da nata, mai allon talla na biyan hukumar tallace-tallace LASAA, shara kuma hukumar kwashe shara LAWMA. Ƙaramin mai sana'a bai cika haɗuwa da waɗannan ba, nasa tikitin kullum ne, da 'yan tasha, da fargabar motar 'yan KAI, jami'an tsaftar muhalli na jiha, masu kwashe kayan da aka kasa a gefen titi. A Janairun 2024 jihar ta haramta farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abinci, daga Yulin 2025 kuma ta faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya. Duk wanda ya ga yadda suke toshe magudanan ruwa su taru a bakin teku ba zai ƙi dokar ba, amma mazubin da ya maye gurbinsu ya fi tsada, kuma a kan farantin talaka kuɗin ke sauka.

Ina kasuwar ta dosa?

Gabas. A Janairun 2023 aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki, a Mayun shekarar aka ƙaddamar da matatar man Dangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, duk a yankin Ibeju-Lekki. Kashin farko na hanyar gaɓar teku, mai kimanin kilomita 47, daga Victoria Island ya nufi wajen Eleko. Wannan na nufin direbobin tanka da tirela, da yaran mota, da leburori, da masu gadi, dubbai, da yawansu 'yan Arewa, waɗanda za su ci sau uku a rana ko ana ruwa ko ana rana. Ga mai tuwo da mai shayi da mai balangu, kasuwar da ta fi tabbas ke nan a gaɓar Legas a yanzu, kuma ba ta jiran Disamba.

Amma abin da ya faru a Lekki zai bi su can. Hanya na isa, ƙasa za ta yi tsada, masu kuɗi za su katange bakin ruwa su sa kuɗin shiga, ƙauyukan masunta su matsa, talakan da ke son ganin teku ya ƙara nisa. Ɗanyen kifin da ake saye da araha a bakin kwalekwale zai koma kicin ɗin manyan wurare. Wanda zai kafa rumfa a can yau, kafin ya tambayi nawa ne haya, ya bincika inda alamar hanyar ta bi da iyakar filin da gwamnati ta keɓe, ya san wane ne ainihin mai ƙasar, ya karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce da sunansa, da shaidar Baale da Sarkin Hausawan wurin. Masu sana'a ɗaya kuma su yi rajistar ƙungiya su kama fili tare, domin a zaman biyan diyya na gaba a sami takardar da ke ɗauke da sunayensu.